Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malaman bita, jagororin alhazai da dattawanmu na Makka, a kan haƙorin Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malamaina, iyayena, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ina gaishe ku da ɗawainiya, tun daga masu karantar da maniyyata a wuraren bita can gida, da masu riƙe tuta a gaban ayari in an iso, har zuwa dattawanmu na Shara'a Mansur da Hindawiyya da Misfala waɗanda baƙi ke sauka a hannunsu. Ni 'yarku ce. A garin nan aka haife ni. Kakana da ƙafa ya zo, ta Chadi da Sudan, ya tsallako Bahar Maliya daga Sawakin, ya sauke farali ya zauna. Shekarata 11 ke nan ina aikin mataimakiyar likitan haƙori a wani asibiti mai zaman kansa. Ba zan kama sunansa ba, kada a ce talla ta kawo ni.

Wata Hajiya ce ta sa ni wannan rubutu.

Bayan an sauko daga Mina da 'yan kwanaki aka kawo mana ita da daddare, dattijuwa wadda za ta yi sa'ar mahaifiyata, ta rufe rabin fuska da mayafi. Da ta yaye, kuncinta na hagu ya kumbura har ya fara danne ido. Ba ta jin Larabci, likitan kuma ba ya jin Hausa, sai aka ce a kira ni. Na ce, "Sannu Hajiya, me ya same ki haka?" Ta buɗe baki da ƙyar. Haƙora biyu na sama suna ƙyalli, dasashin da ke kewaye da su ya yi ja yana tsatsar mugunya. Mako uku da suka wuce, kafin a fita Arfa, wani yaro ya zo masaukinsu ya ce akwai mai sa haƙorin Makka da araha. Ya kai su wani ɗaki a saman bene. Mutumin ya gurje haƙoran da inji, a bushe, ya kifa musu hular ƙarfe ya liƙe. Ɗaya daga cikin haƙoran dama yana da kogo, aka rufe kogon da abin da ke cikinsa.

Likita ya yanke hulunan, ya buɗe haƙorin ya fitar da mugunya, ya rubuta magani. Ni kuma ina riƙe da tiyon zuƙe yawu ina yi mata sannu. Da aka gama na tambaye ta, "Hajiya, kayan da ya yi miki aiki da su, daga ina ya ɗauko?" Ta ce, "Daga cikin wani kofi, 'yata. Ya dai goge da tishu." Na ce ku nawa ne? Ta ce, "Mu bakwai ne 'yan ɗakinmu, ni ce ta biyar."

Kumburin bai dame ni ba, kwana biyar ya saɓe. "Ni ce ta biyar" ɗin nan ce ta hana ni barci. Ina son in gaya muku yadda yinina yake a wurin aiki, don ku ga abin da babu shi a wancan ɗaki, ku kuma gaya wa mutanen da ke jin maganarku fiye da tawa.

Nakan riga likita isowa da kusan minti 45. Kafin in taɓa komai sai na kunna tukunyar tururi, wadda muke kira otokilef, in sa mata ɗan ƙunshin gwaji ita kaɗai ba kaya. A cikin ƙunshin akwai takarda. In tururi ya ratsa ko'ina, takardar za ta sauya launi bai ɗaya. In ta fito da dabbare-dabbare, iska ta maƙale a ciki, ranar ba a aiki da wannan tukunya ko da layi ya kai bakin titi. Sau ɗaya a mako kuma akan sa mata 'yar kwalba mai ɗauke da wasu ƙwayoyin cuta masu taurin rai da aka tanada musamman don gwaji, a ga ko ta kashe su. Kowane gwaji sai na rubuta shi a littafi da kwanan wata da sa hannuna, domin masu duba asibitoci daga Ma'aikatar Lafiya kan faɗo ba sanarwa, kuma littafin suke fara tambaya. Daga nan in saki ruwan bututun kujera ya zuba na minti 2, saboda ruwan da ya kwana a siririn bututu yakan tara ƙwayoyin cuta. In duba tulun iskar numfashi, in duba magungunan gaggawa ko akwai wanda wa'adinsa ya ƙare, sannan in karanta sunayen masu zuwa in jera wa kowa farantin kayansa: na ciko daban, na cire haƙori daban, na wankin jijiya daban.

In marar lafiya ya shigo, ni ce ke fara zama da shi. A nan, Allah ya gafarta Malam, mutanenmu ke ba ni wahala. Ka tambayi Bahaushe yana da wani ciwo, sai ya ce "Lafiya lau, alhamdulillahi." Ka ɗaura masa awon jini ka ga ya haura 180, sai a lokacin ya tuna ai yana da hawan jini, maganin ne ya ƙare tun a Madina. Wata tana shan maganin tsinka jini saboda zuciya, ba za ta faɗa ba don a ganinta me ya haɗa zuciya da haƙori. Ya haɗa su mana. In aka cire mata turmi jinin na iya ƙin tsayawa. Allurar kashe zafin da aka fi amfani da ita akwai sinadarin da ke tsuke jijiyoyin jini a ciki, dole likita ya san halin zuciyar mutum kafin ya yanke nawa zai yi. Mai ciwon suga da ya sha magani bai karya ba yana iya sumewa a kan kujera. Mace kuma sai na ja ta gefe na tambaye ta ko tana da juna biyu kafin a ɗauki hoton haƙori, kuma na koyi yin tambayar nan ta hanyar da ba za ta ji kunya ba ko da surukarta ce ta rako ta. Na daina tambayar "kina da ciwo?" Yanzu cewa nake, "Hajiya, buɗe mini jakar nan in ga magungunan da kike sha."

A gefen kujera, aikina shi ne likita kada ya ɗaga ido daga bakin da yake aiki a ciki. Ya miƙo hannu, in sa masa abin da yake bukata kafin ya furta, in karɓe wanda ya gama da shi da ƙaramin yatsana. Hannu ɗaya na janye kunci ko harshe, ɗayan na riƙe da tiyo. Injin da ake gurza haƙori da shi yana juyawa fiye da sau 300,000 a minti ɗaya, shi ya sa yake fesa ruwa ba ƙaƙƙautawa. In zafin cikin haƙori ya ƙaru da digiri 5 ko 6 kacal, jijiyar na iya mutuwa, kuma ba ranar za a sani ba. To ku tuna Hajiyata da aka gurje wa haƙori a bushe. Farin ciko ba ya kama haƙori in yawu ya taɓa shi, don haka ni ke tsare wurin da auduga har a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare. In za a ɗauki zubin baki, wato siffar haƙoran mutum, ni ke kwaɓa garin da ake ɗauka da shi, kuma ba ya jira: ka yi sanyin jiki ya sandare maka a kwano. Ni ke rubuta abin da likita ya gani, kowane haƙori da lambarsa, daga cikin 32 na babba ko 20 na yaro. Kuskuren lamba ɗaya na iya sa a cire lafiyayye a bar mai ciwo.

Akwai kuma abin da ba a koya mini a makaranta ba. Likita haƙori yake kallo, ni mutum nake kallo. Dattijon da ba zai taɓa cewa yana jin zafi ba, sai in ga yatsun ƙafarsa sun lanƙwashe a cikin silifa, ko zufa ta karyo masa a goshi ga sanyin na'ura. Sai in taɓa kafaɗar likita, ya dakata.

Amma gundarin aikina yana farawa ne bayan marar lafiya ya tashi, lokacin da masu jira a waje ke duba agogo suna cewa me ake yi a ciki ne haka, ai kujera ba kowa. Allura da reza su tafi cikin akwatin roba mai ruwan ɗorawa wanda ba a buɗe shi. Ledojin da aka naɗe hannun fitila da maɓallan kujera a cire a sa sababbi. Duk inda feshi ya kai a goge da magani, a kuma bar shi ya jiƙa na mintocin da aka rubuta a jikin kwalbar, don wanda ya fesa ya share nan take wanka kawai ya yi wa ƙwayoyin cuta. A sake sakin ruwan bututu na daƙiƙa 20 zuwa 30. Kayan ƙarfe kuma in rufe su in kai ɗakin da muke kira ɗakin ta'aƙim, wato inda ake kashe ƙwayoyin cutar jikin kaya.

Ɗakin nan ƙarami ne, ba taga, kuma babu marar lafiyar da ya taɓa leƙa shi. Hanya ɗaya kaya ke bi a cikinsa, daga ɓangaren datti zuwa ɓangaren tsabta, ba sa komawa baya. In sa safar hannu mai kauri, in zuba su a injin da ke girgiza ruwa ya kakkaɓe jini da ɓarɓashin da ya maƙale a lungunan da buroshi ba ya kaiwa. In ɗauraye, in busar, in ɗaga kowane ɗaya a gaban fitila in duba. Ɗigon busasshen jini a gaɓar awartaki ya isa ya kare ƙwayar cuta daga tururi, don haka wanda bai fita ba ya koma farko. Kan injin gurza haƙori shi ma a sa masa mai a turara shi bayan kowane mutum, domin yakan zuƙi yawu da jini zuwa cikinsa lokacin da ya tsaya. Sai in sa kowane kaya a ledarsa in liƙe, in rubuta kwanan wata da lambar zagayen turarawa, in jera su a tukunya ba cunkoso. Tururi ya kai digiri 134 ya tsaya a nan minti 3 zuwa 4, amma da ɗumama da zuƙe iska da busarwa abin kan tasam ma awa guda. Ledar da ta fito da danshi ba a amfani da ita. Wadda alamar jikinta ba ta sauya launi ba, haka. Tafasa a ruwa ba ya yin wannan aiki, balle jiƙawa a kofi, balle tishu.

Shi ya sa asibiti ke bukatar kaya jeri-jeri, wasu na baki, wasu na wanka, wasu na tukunya. Mai inji ɗaya da kofi ɗaya ba shi da yadda zai yi wa mata bakwai aiki a zama ɗaya cikin tsabta, ko da shi mutumin kirki ne mai tsoron Allah. Arahar da yake yi, wannan awar ce ya cire daga kuɗin.

Ga abin da nake tsoro. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe aƙalla kwana 7. Binciken da aka yi gida-gida a Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, wato wajen mutum 1 cikin 12, kuma mafi yawansu ba su sani ba don ba ta kwantar da su. Wanda ya taɓa baki 24 a yini, ba mamaki ya taɓa biyu masu ɗauke da ita. Cutar kuma ba ta da gaggawa, takan ɗauki wata 1 zuwa wata 6 kafin ta nuna. Alhaji ya koma gida an yi masa barka da sauka, an raba dabino da Zamzam, sai bayan damina idonsa ya yi ɗorawa, a ce shawara ce, a dafa masa saiwa. Wa zai tuna da wani ɗaki a saman bene a Makka? Wani ma ba za ta nuna ba sam, sai bayan shekaru hanta ta lalace.

Ni kaina na ɗanɗana wannan fargaba. A shekarata ta uku, ina sauri, na mayar wa allura murfinta da hannu biyu maimakon in kwantar da murfin in zura ta da hannu ɗaya kamar yadda aka koya mana. Ta soke ni a babban yatsa. Na wanke da sabulu, na kai rahoto a take, aka ɗebi jinina da na marar lafiyar. Allah ya taimake ni na yi allurar rigakafin hanta duka 3 tun ina makaranta. Duk da haka wata 6 na yi ana maimaita gwaji, ban gaya wa mahaifiyata ba sai da komai ya fito lafiya.

Wani abu kuma da ya kamata ku sani: ni da na shekara 11 ina kallon ana cire haƙori, ba ni da izinin cire ko guda. Ba na yin allura a dasashi, ba na rubuta magani, ba na cewa ga abin da ke damun mutum. Lasisina daga hukumar tantance ma'aikatan lafiya ta Saudiyya yake, wadda aka kafa a 1992, kuma ya iyakance abin da hannuna zai taɓa. Sai na ci jarrabawa aka ba ni shi, kuma ba a sabunta shi sai da shaidar ƙarin karatu. Maƙwabta kan turo yaro da daddare, "Wai in ji Umma ki zo ki cire mata haƙori, yana girgiɗi." In na ce ba zan iya ba, sai a ce girman kai. Wata gwaggona har yau "mai wanke-wanken likita" take ce mini, kuma na daina musu, don rabin aikin wanke-wanken ne. Dokar ƙasar nan ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wata 6, ko tarar da za ta iya kai riyal 100,000, ko duka biyun, ga wanda ya yi aikin lafiya ba lasisi. In ni an ɗaure mini hannu haka, ku auna wanda ko ƙofar makarantar bai taka ba.

Kada ku ɗauka ina raina haƙorin Makka. Kakata tana da shi, kuma in ta yi dariya ya haska, mu jikoki daɗi muke ji. A zamaninsu wanda ya sha wuyar hanya ya dawo da rai yana son alamar da za ta zauna tare da shi. Na fahimci wannan. Sai dai farin ɓawon haƙori ba ya sake tsirowa kamar farce. In aka gurje lafiyayyen haƙori don a sa masa hula, ya zama mai bukatar hula har abada. In bakin hular bai zauna daidai da dasashi ba, abinci ya sami wurin kwana, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙarfen ma sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo: wanda muka cire wa Hajiya cikinsa ya riga ya yi baƙi. Hukuncinsa a shari'a kuwa ku ne masana. Na dai ji malamai na kawo hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare, suna cewa wannan lalura ce. Ko ado ga namiji ya shiga ciki, wannan na bar muku.

Roƙona kaɗan ne. A wurin bita kuna koyar da ɗaura harami da jifa da ladubban masauki, har da yadda ake shiga bayin jirgi. Ku ƙara minti biyar a kan baki. Ku ce wa maniyyaci ya je a duba masa haƙora tun da sauran watanni, domin haƙorin da ke ɗan tsukui a gida shi ke tashi a Muzdalifa. Ya taho da magungunansa a kwalinsu, isassu. In ciwo ya kama shi a nan, asibitocin gwamnati na duba alhazai kyauta lokacin Hajji, ga likitocin da hukumar alhazai ke tahowa da su, ga lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya. Kada ya danna ƙwayar asfirin a dasashi, ƙonawa take yi. Kanumfari na iya rage masa zafi zuwa safiya, amma ba ya toshe kogo.

Wanda kuma ya ce shi lallai sai ya sa haƙorin, to ya je inda lasisi ke rataye a bango. Ya ga an yage ledar kaya a gabansa, an sa sabuwar safar hannu, injin na fesa ruwa, an kuma tambaye shi ciwukansa kafin a ce ya buɗe baki. In ɗaya ya ɓace ya tashi, ba rashin kunya ba ne. In kuɗinsa bai kai ba, ya sayi aswaki mai kyau na icen arak a bakin Harami ya koma da haƙoransa yadda Allah ya ba shi. Araha ba ta ado.

Ku kuma dattawanmu na nan, yaran da ke zagaya masaukai suna kawo ciniki namu ne, mun san iyayensu. Na san halin da ake ciki, na san wanda ba shi da ikama, wato takardar izinin zama, ƙofofin neman abinci kaɗan ne a gabansa, kuma ba na fatan askarawa su kwashe ɗan kowa. Amma ku kira su a gida ku yi musu magana. Akwai dako, akwai tura keken tsofaffi, akwai rakiyar kasuwa. 'Yan matanmu da suka gama sakandare kuma suna da takardu, ku bar su su koyi irin aikina. A asibitinmu ni kaɗai ke jin Hausa, ranar da nake hutu da nuni ake yi da alhazai.

Hajiyata ta dawo kwana biyu kafin jirginsu, kumburi ya tafi, ta kawo mini ƙullin daddawa da yaji daga guzurinta. Na rubuta mata a takarda da Hausa: in ta isa gida ta je asibiti a gwada jininta na ciwon hanta, ta sake gwadawa bayan wata 6, in ba ta da shi ta karɓi rigakafi, allura ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Na ce ta gaya wa sauran shidan. Ta ce biyu 'yan garinsu ne, huɗun kuwa a jirgi suka haɗu, ko lambarsu ba ta da ita. Suna cikin ayarin ɗayanku. In kun ga wadda ta dawo bana da sabon haƙori, don Allah ku karanta mata wannan sakin layi.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
Mataimakiyar likitan haƙori, Makka